Tambaya da Amsa: Tsatsa da Tirelar Jirgin Ruwa

Wasiƙun da muka zaɓa a wannan fitowa duk a kan abu ɗaya suke, wato tirelar da ake ɗora ƙaramin jirgin ruwa a kanta a ja shi da mota zuwa bakin ruwa. Mun taƙaita wasu daga cikinsu saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Shekara huɗu ke nan da na sayi ƙaramin jirgin ruwa mai inji tare da tirelarsa, kuma mafi yawan fitata a teku ce. Tirelar ta ƙarfe ce mai fenti, duk shekara ina sake mata fenti, amma kwanan nan na ga fentin yana kumbura kamar bororo a wajen ƙarshenta na baya, idan na danna da yatsa sai wani jan ruwa ya fito. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tirelar ba ta wuce minti goma a cikin ruwa a kowace fita. Ta yaya minti goma zai yi wannan ɓarna, kuma wane fenti ne zai fi riƙewa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, minti goman nan ƙofa kawai suke buɗewa, ɓarnar kuwa a kwanakin da tirelar ke ajiye a gida take faruwa. Tsatsa tana bukatar ƙarfe da ruwa da iska su haɗu, gishiri kuma shi ne mai zuga su, domin yana sa ruwa ya riƙa ɗaukar lantarki cikin sauƙi, kuma ta wannan hanya ce ƙarfe ke zagwanyewa kaɗan-kaɗan. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri. Idan ka fito da tirela ta bushe a kan hanya, ruwan ne ya tafi, gishirin yana nan maƙale a cikin kowane lungu da kowace tsaga. Shi kuma gishiri yana jawo laima daga iska: gishirin girki da muka sani yakan jiƙe da kansa idan laimar iska ta kai wajen kashi 75 cikin ɗari, sannan akwai wani nau'i a ruwan teku, mai sinadarin magniziyam, da ke jiƙewa tun laimar ba ta kai rabin wannan ba. Saboda haka tirelar da kake gani a bushe da rana, da zarar dare ya yi sanyi ya sauko sai ta koma kamar an sake tsoma ta a teku, haka za ta yi ta yi har zuwa fitarka ta gaba.

Bororon da ka gani ma yana da dalili. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta cinye girma ninki da dama, don haka idan ta kama a ƙarƙashin fenti sai ta ɗaga shi sama, ta samar wa kanta ɗan aljihun da ruwa zai kwanta. Shafa sabon fenti a kan wannan duk shekara kitso ne da ƙwarƙwata, kuma ina zargin fentin naka ya taimaka wajen ɓoye maka abin da ya kamata ka gani tun bara.

Kafin mu zo maganar wane fenti, akwai binciken da ya wajaba ka yi, kuma shi ne ya fi komai muhimmanci a cikin wannan amsa. Ka sauke jirgin daga kan tirelar, ka duba irin ƙarfen da aka ƙera ta da shi. Idan buɗaɗɗe ne wanda ido ke ganin kowane gefensa, da sauƙi. Idan kuwa bututu ne mai kusurwa huɗu, to daga ciki yake ruɓewa, inda buroshi bai taɓa shiga ba kuma rana ba ta kaiwa. Ka cire murfin robar da ke bakin bututun ka haska tocila. Sau da yawa abin da mutum ke tararwa shi ne ɓawon tsatsa falle-falle ya taru a ƙasan bututun, ga yashi da ya jiƙe, idan aka karkata tirelar sai su zubo kamar busassun ganyaye. Sannan ka ɗauki ƙaramar guduma ka bi jikin tirelar kana ƙwanƙwasawa daga gaba zuwa baya. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda ya ci daga ciki kuwa sai ka ji wani sauti a dushe kamar ka bugi kwali. Duk inda sautin ya canza, ka soka bakin sukundireba da ƙarfi. Wuraren da suka fi cancantar wannan gwaji su ne ƙarfen da ya gitta ta baya, wanda shi ne ke fara shiga ruwa kuma shi ke fita a ƙarshe, da inda sifirin, wato fallayen ƙarfen da ke ɗaukar nauyi a kan taya, ke rataye, da wuyan tirelar da ke haɗe da mota, da gefen kowace walda. Idan sukundireba ya huda ko ƙarfen ya lotsa a ɗaya daga cikin waɗannan wurare, to maganar fenti ta ƙare, aikin mai walda ne, ko dai a yanke ɓangaren a sa sabo ko a haƙura da tirelar gaba ɗaya, domin wuyan tirela da ya karye a kan titi da jirgi a kansa ba ƙaramin hatsari ba ne ga wanda ke biye da kai.

Idan ƙarfen ya ci jarrabawa, sai a shiga gyara, kuma kashi mafi girma na aikin yana gaban buɗe gwangwanin fenti. Za ka kankare duk wurin da ya kama da buroshin waya da injin gurza har sai farin ƙarfe ya bayyana, ka ɗan wuce iyakar tsatsar zuwa inda tsohon fenti ke riƙe da kyau. Daga nan ka wanke da ruwa mai daɗi da sabulu, ka ɗauraye sosai, domin gishirin da ya rage a ramukan ƙarfe zai ci gaba da aikinsa a ƙarƙashin kowane irin fenti komai tsadarsa. Ramukan da buroshi ya kasa kaiwa ana iya shafa musu maganin tsatsa mai ɗauke da asid ɗin fosforik, wanda ke mayar da siririyar tsatsa wani baƙin rufi da fenti ke iya kamawa, amma ba ya ratsa ɓawo mai kauri. Bayan ƙarfen ya bushe ƙayau, sai fentin shimfiɗa mai yawan tutiya, wato ƙarfen da ake kira zinc, a kan tsuran ƙarfe, sai na ifoksi irin wanda ake haɗa ruwa biyu, sannan fentin sama da zai kare ifoksin, domin shi rana tana mayar da fuskarsa gari. Ka riƙa bin kusurwoyi da bakin walda da buroshi tukuna kafin ka shafa sauran, saboda a nan ne fenti ke yin siriri. Cikin bututun kuwa fenti ba zai yi ba, sai abin feshi mai kaki ko mai lanolin, wato maiƙon da ake samu daga gashin tumaki, a zura dogon bakin feshi a fesa ta ko'ina, kuma a tabbata ramukan da ruwa ke fita ta ƙasa ba su toshe ba.

Bayan wannan sai ɗabi'ar wanki. Duk ranar da tirela ta shiga teku, a ranar za a wanke ta, ba washegari ba. Ka zura tiyo cikin kowane bututu ka bar ruwa yana gudu har ya fito garau ta ɗaya bakin, ka bi sifirin da bayan taya da ƙarƙashin inda jirgi ke kwanciya. Idan za ka ajiye ta, ka ɗaga wuyanta kaɗan don ruwa ya tsiyaye ta baya, ka ajiye ta a kan siminti ko tsakuwa maimakon ciyawa ko ɗanyar ƙasa, kuma kada ka lulluɓe ta da tamfol har ƙasa, domin tamfol yana tsare laima ya hana iska zagayawa.

Gaskiyar da zan faɗa maka a ƙarshe ita ce, tirela mai fenti an yi ta ne don ruwan kogi da tafki. Mai yawan shiga teku ya fi dacewa da ta alminiyam ko wadda aka tsoma a narkakkiyar tutiya. Idan ƙarfen taka yana da sauran ƙarfi, ana iya kwance ta a kai ta masana'antar da ke wannan aiki a tsoma ta, kuma su da kansu za su nemi a huda duk wani rufaffen bututu, domin iska ko ruwan da ya maƙale a ciki yana iya fashewa a cikin tukunyar.

Tambaya: Malam, sau biyu ke nan boris ɗin tayar tirelata yana lalacewa a cikin shekara ɗaya, alhali ina sa masa giris. Makanike ya nuna mini giris ɗin ya koma fari-fari kamar an dama shi da madara, kuma boris ɗin ya yi ɗigo-ɗigon tsatsa. Ta ina ruwan ke shiga?

Amsa: Ta bayan cibiyar tayar yake shiga, inda robar da ke tsare giris take, kuma mai yiwuwa kai ne ke gayyato shi ba da saninka ba. Idan ka yi doguwar tafiya, cibiyar taya takan ɗauki zafi, iskar da ke cikinta ta buɗe. Da ka iso ka ja da baya kai tsaye cikin ruwa mai sanyi, sai iskar nan ta tsuke nan take, cibiyar ta zuƙo ruwa ta gefen robar kamar yadda sirinji ke zuƙo magani. Ruwan da ya shiga ba ya fita. Yana cakuɗuwa da giris ya ba da wannan launi da makanikenka ya nuna maka, sannan idan tirelar ta yi makonni a tsaye sai ya kwanta a ƙasan boris ya ci shi a daidai inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe.

Maganin farko ba ya cin ko kwabo. Idan ka iso bakin ruwa, ka tsaya ka kwance igiyoyi, ka ɗora kaya, ka duba inji, sannan ka ɗora bayan hannunka a kan cibiyar tayar. Idan ta huce, ka shiga. Na biyu, duk lokacin da aka buɗe cibiya a sa sabuwar roba, irin mai leɓe biyu, kuma a duba wurin da take gogawa a jikin aksul, wato sandar da taya ke juyawa a kanta, domin idan tsatsa ta ci wurin ya yi kaushi, sabuwar roba ma ba za ta yi wata guda ba. Na uku, ka yi amfani da giris ɗin da aka yi don ruwa, ka tsaya a kan iri ɗaya, saboda wasu nau'o'in giris idan aka gauraya su sukan tsinke su zube. Akwai kuma murfin cibiya mai sifirin a ciki, irin su Bearing Buddy, wanda ke danna giris kaɗan don kada ruwa ya sami hanya. Yana da amfani, amma masu shi da yawa sukan yi ta ɗura giris har matsin ya ture robar baya, an gudu ba a tsira ba ke nan, kuma idan tirelar tana da birki giris ɗin a kansa zai zuba.

Ko da komai yana tafiya daidai, sau ɗaya a shekara a kwance cibiyar a wanke boris a duba shi da ido. Tsakanin wannan da wancan, ka riƙa ɗaga tayar da jak kana juya ta da hannu, kunnenka zai gaya maka idan akwai gurnani, kuma idan ka kama ta sama da ƙasa ka girgiza za ka ji idan ta yi sako-sako.

Tambaya: Ni tirelata ta alminiyam ce, na saye ta ne don an ce ba ta tsatsa. Yanzu ina ganin wani farin gari a kewayen notuna, har wani wuri ya fara ramewa. Shin an cuce ni ne?

Amsa: Hajiya, ba a cuce ki ba, amma an gaya miki rabin magana. Alminiyam ba ya yin jar tsatsa irin ta baƙin ƙarfe, domin da zarar iska ta taɓa shi yakan yi wa kansa wani siririn rufi da ke kare shi. Rauninsa yana bayyana ne idan ya haɗu da wani ƙarfe dabam ga ruwan gishiri a tsakaninsu. A wannan hali ƙarafan biyu sukan zama kamar batir, lantarki ya riƙa gudana, ɗaya daga cikinsu ya riƙa cinyewa. Notunan da ke jikin irin wannan tirela galibi na sitenles ne, wato farin ƙarfen nan mai wuyar tsatsa, kuma a wannan haɗuwa alminiyam ne ke biyan bashin. Farin garin da kike gani jikin tirelar ne da ya zagwanye.

Abin yi shi ne a raba su. A kwance notunan ɗaya bayan ɗaya, a goge ramin da buroshin roba ko na sitenles, kada a yi amfani da na baƙin ƙarfe ko na tagulla domin suna barin burbushi a jikin alminiyam, sannan a shafa man da aka yi don raba ƙarafa, irin su Tef-Gel ko Duralac, a sa washa ta roba mai tauri a ƙarƙashin kan notin. Man yana da wani amfanin kuma, domin notin sitenles yana da halin cijewa idan aka ɗaure shi a bushe, har sai an yanke shi. Idan za ki sauya notuna, sitenles mai lamba 316 ya fi mai lamba 304 jure gishiri saboda sinadarin molibdinam da ke cikinsa.

Ki kuma duba katakon da jirgin ke kwanciya a kai. Kafet ɗin da ake lulluɓa masa yana riƙe ruwan gishiri na kwanaki, kuma katakon da aka yi wa maganin gara mai ɗauke da jan ƙarfe yana cin alminiyam a duk inda ya taɓa shi, don haka a sa roba a tsakaninsu. Kada ki manta cewa aksul da sifirin da cibiyar taya da mahaɗin mota duk na baƙin ƙarfe ne ko a kan tirelar alminiyam, kuma su ne za su fara gazawa.

Tambaya: Wani ya ba ni shawara in riƙa shafa wa sifirin da ƙarƙashin tirela baƙin man da aka juye daga inji. Yana aiki?

Amsa: Yana hana tsatsa na ɗan lokaci, wannan ba ƙarya ba ne, amma ba zan ba ka wannan shawara ba. Tirela cikin ruwa take shiga, kuma duk abin da ka shafa mata zai bar shaida a saman ruwan da kifi da mutane ke amfani da shi, ƙasashe da yawa ma suna hukunta mai yin haka. Man kuma yana lalata roba yana tara yashi. Feshin lanolin ko na kaki ya fi shi zama. Ka ɗaga tirelar ta yadda nauyi zai sauka daga kan sifirin fallayensa su ɗan saki, ka fesa a tsakaninsu, ka kiyaye kada ko ɗigo ya taɓa birki. Idan tsatsa ta riga ta kumbura har ta raba fallayen, sauyawa kawai ya rage, kuma gefe biyun tare ake sauyawa, haɗe da notunan da ke ɗaure su da aksul.

Tambaya: Injin jirgina yana da wani dunƙulen tutiya da ke cinyewa don ya kare injin. Idan na ɗaura irinsa a jikin tirela, zai kare ta?

Amsa: Tunanin yana da tushe. Dabarar ta daɗe, tun 1824 masanin nan na Ingila Humphry Davy ya gwada ta don kare jan ƙarfen da ake lulluɓa wa jiragen ruwan yaƙin ƙasarsa. Sai dai dunƙulen yana aiki ne muddin shi da ƙarfen da yake karewa suna nutse a cikin ruwa ɗaya, domin ta ruwan lantarkin ke bi. Tirelarka kuwa kusan duk rayuwarta a tudu take, inda dunƙulen ba zai kare komai ba sai ɗan wurin da ke kusa da shi. Abin da ya sa tsoma tirela a tutiya ke aiki shi ne, tutiyar tana ko'ina a jikinta, ciki da waje, ta yadda duk inda aka karce akwai ta a gefen karcen.

Tambaya: Malam, tirelata irin wadda aka tsoma a tutiya ce, shekararta tara. Ta yi toka-toka, wasu wurare sun fara ja, kuma ina so in sa a yi mata waldar sabon mariƙin taya ta ko-ta-kwana. Zan iya yi mata fenti duka bayan an gama?

Amsa: Launin tokar ba cuta ba ne, rufin da tutiya ke yi wa kanta ne, kuma kada ka kankare shi don neman ƙyalli. Lokacin da aka tsoma tirelar a tukunya mai zafin kusan digiri 450 a ma'aunin Salshiyas, tutiyar ta haɗe da fuskar ƙarfen, kuma tun daga ranar take cinyewa a hankali a madadinsa. Inda ka ga ja, a nan ta ƙare. Waɗannan wurare sai ka gurje su zuwa farin ƙarfe ka shafa fenti mai yawan tutiya, wanda a wasu nau'o'insa tutiyar ta haura kashi 90 cikin ɗari na busasshen fentin, kuma shi sai a kan tsuran ƙarfe yake aiki.

Game da walda, idan ana iya ɗaure mariƙin da notunan da suka rungumi ƙarfen ba tare da an huda ko an ƙona ba, wannan ya fi. Idan waldar ta zama dole, mai walda ya gurje tutiyar daga wurin tukuna, ya yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, ya rufe hancinsa da abin da ya dace, domin farin hayaƙin da tutiya ke fitarwa yana jawo zazzaɓi da ciwon jiki bayan 'yan sa'o'i. Wutar kuma za ta ƙone tutiyar da ke cikin bututun a daidai bayan waldar, inda ba za ka gani ba, don haka a fesa wa wurin kaki ta ciki bayan ya huce.

Fenti duka kuwa ba dole ba ne. Idan kana so, ka guji fentin mai na yau da kullum, domin yana haɗuwa da tutiya ya zama kamar sabulu a ƙarƙashi, bayan 'yan watanni ya riƙa saɓulewa falle-falle. Ka nemi fentin shimfiɗa da aka rubuta a jikin gwangwaninsa cewa ya dace da ƙarfe mai tutiya, ka wanke tirelar ta bushe, ka gwada a ɗan ƙaramin wuri ka bar shi mako biyu kafin ka shafa sauran.